Gwakisa Ya Ɗaure Kogi, Ubana Yana Ƙetare

Tun da aka fara tarurrukan kogin nan ban taɓa fashi ba, kuma ba a taɓa miƙo mini lasifika ba. Kullum na ɗaga hannu, sai mai riƙe da taro ya dubi agogo ya ce, "Tsoho, lokaci ya ƙure, a bari sai wani zaman." Haka aka yi ta yi mini har gashina ya yi fari. Yau sai da abokina ya mutu aka ce, Mwaseba, taso ka yi magana. To, na taso. An kuma ce za a rubuta abin da na faɗa a raba wa jama'a. Ni ban iya karatu ba, amma zan sa a karanta mini, in na ji an yanke wani wuri, za a gan ni.

Masu girma wakilan gwamnatin Tanzaniya da ta Malawi. Kwamishinonin gundumomin biyu. Sarakunanmu na wannan gaɓa da na waccan. Fasto da dattawan coci. Tumpale, matar marigayi, da 'ya'ya da jikoki. Da ku duka da kuka tsallako ruwa da safiyar nan: ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Sunana Ambindwile Mwaseba. Gwakisa Mwakalobo sa'ana ne. Tare muka yi kiwon shanu, tare muka kafa bukkokinmu na farko a unguwar samari. Shi ya tafi makaranta ya zama mai auna ƙasa da ruwa na gwamnati, ni na tsaya a gonar shinkafa.

Ya kasance ɗan gaɓa biyu, ubansa namu, uwarsa ta ƙetare. Ya kasance mai dogon haƙuri, irin wanda yake ba mutum haushi. Ya kasance, ku yafe mini in faɗa, matsoracin ruwa. Mutumin da duniya ta san shi da kogin Songwe bai iya iyo ba. In ya shiga kwalekwale sai ya riƙe gefe da hannu biyu yana ce wa matuƙi, "A hankali, ɗana, ba gudun kowa muke yi ba."

Shi ya sa ba za mu manta da shekarar adduna ba. Kogi ya sauya hanya, ya yanki gonakin shinkafa masu yawa, samarin nan da na can suka fito gaɓa da gaɓa, kowa da addarsa. Muna tsaye sai ga Gwakisa ya shiga ruwa da takalmansa, har ƙirji. Bai yi wa'azi ba. Ya nuna wani yaro a gefenmu ya ce, "Kai, ɗan wace ce? To, wancan mai jar riga ƙanin uwarka ne. Fara da shi, muna kallo." Ya juya ga na ƙetare ya yi musu haka, ɗaya bayan ɗaya, har wani ya fashe da dariya. Daga ƙarshe masu addunan ne suka tsamo shi, don ƙafarsa ta maƙale a laka.

Daga nan ya shiga zirga-zirga tsakanin manyan ƙasashen biyu, shekara da shekaru, har suka sa hannu a kan abu biyu. Na farko, mutanen bakin kogi su riƙa tsallakawa zuwa kasuwa da asibiti da jana'iza ba tare da fasfo ba. Da yawanku albarkacinsa kuka zo yau. Na biyu, a ɗaure kogin da dutse da siminti, ya tsaya a hanya ɗaya, iyaka ta daina yawo. Don haka ne wasu mutane a wata ƙasa mai sanyi suka kira shi suka ba shi lambar yabo ta haɗa kan maƙwabta. Ga ta can a kan tebur, hannu biyu na tagulla sun kama juna.

Ranar da labarin ya zo na je gidansa. Ya nuna mini hotonta.

Na ce, "Wanne ne hannunmu a ciki?"

Ya ce, "Wanda ya fi ƙazanta. Mai noman shinkafa."

Na ce, "Su waɗannan mutane, wa ya gaya musu a rabe muke? Matata 'yar can ce, shanun sadakinta da iyo suka tsallaka."

Ya ce, "Su maƙwabtansu sun daɗe suna kashe juna, sai da ƙyar suka daina. In suka ji wasu sun ajiye adda, daɗi suke ji."

Har yau ina juya maganar nan. Yaya aka yi labarin kogin da ruwan sama ɗaya yake cika shi da laka ya kai kunnensu? Suna da kogi mai yawo su ma? In ya kwashe musu gona, me suke yi? Na so in aika da tambayoyin nan, Gwakisa ya ce jakarsa ta cika.

Ku manyan baƙi, bari in gaya muku abin da mu muke yi. In kogi ya kai gonar mutum ƙetare, ba ma cewa ta ɓata. Muna ce da ita baƙuwa. Wanda ta sauka a gefensa shi ne mai masauki: ya nome ta, ya ci, ya aiko wa mai ita kwandon farko, har ranar da kogi zai maido ta. Kuma yana maidowa. Kakana ya ga gonarsa ta tafi ta dawo. Samarin shekarar adduna sun yi abin da suka yi ne don sun taso ba su saurari wannan ba.

Tawa baƙuwar ba shinkafa kaɗai ba ce. A cikin ayabar da ke kanta ubana yake kwance. Mun binne shi a bayan ɗakinsa a Tanzaniya, damina ta zo ta wuce, muka same shi a Malawi, shi bai motsa ba. Mai masaukina ga shi can zaune, Mwafongo. Tashi a gan ka, ɗan'uwa. Fiye da shekara ashirin yana share kabarin nan, kwandona bai taɓa makara ba. Ni kuwa na ƙi gina ɗakin bulo, na ƙi dasa ayaba a inda nake, ana ta yi mini dariya, don ina jiran kogi. A wurinmu mutum kusa da ubansa ake kwantar da shi.

Na sami Gwakisa da maganar kafin tafiyarsa karɓo lambar yabon. Na ce, "In ka ɗaure kogi, yaushe baƙuwata za ta dawo?"

Can ya ce, "Ba za ta dawo ba, Ambi."

Na ce, "To ni ina zan kwanta?"

Sai ya so ya mayar da ita wasa, kamar yadda ya saba. Ya ce, "Ka kwanta a nan mana. Agogonmu yana gaban nasu da awa guda. Ranar tashin matattu za ka riga tsohon farkawa, ka tsallaka ka tashe shi."

Na ce, "Kai da ba ka iya iyo ba, kai za ka koya mini tsallaka?"

Muka yi dariya, amma ban bar shi ba. Na ce takardarku ta ce mai rai ya tsallaka zuwa jana'iza. Ta ce gawa ta tsallaka? Ta ce ƙasar Malawi za ta karɓi ɗan Tanzaniya? Kuma in iyaka ta tsaya, baƙuwa ta zama 'yar gida. Mwafongo ba zai hana ni ba, amma shi ma ya tsufa, ga sandarsa ga tawa, kuma 'ya'yansa sun riga sun fara maganar sare ayabar.

Ya dafe goshi ya ce, "Wallahi ba wanda ya tuna da matattu a zaman nan, har ni. Bari in dawo, zan kai maganar." Ya dawo da tari a ƙirji da tagulla a jaka. Sauran kun sani.

Kada wani ya fita nan ya ce Mwaseba ya zagi gawa. Na san abin da ya sa ya nace a ɗaure kogin. Tumpale, ina cikin waɗanda suka bi gaɓa suna neman 'yarku ta fari shekarar da ruwa ya cinye unguwarku. Bai taɓa ambaton ta a taro ba, bai taɓa neman a tausaya masa ba, sai dai ya yi ta aiki. In dutse da siminti za su hana wata uwa irin kukan da kika yi, a zuba su. Ki yi haƙuri, matar ɗan'uwana. Ku 'ya'yansa, ubanku ya bar muku gida a gaɓa biyu. Duk ƙofar da kuka buga za a ba ku nono da ayaba, kada ku raina wannan gado.

Muna gode wa matan da suka yi girki, da makaɗa, da masu kwalekwalen da suka yi ta jigilar mutane. Ubangiji ya ji ƙan Gwakisa, ya karɓe shi cikin salama, ya ba shi wuri busasshe nesa da ruwa. Ya ta'azantar da iyalinsa, ya riƙe zumuncin da ya sha wahala a kai. Amin.

Fasto, kada ka tashi tukuna. Masu girma, an ce da zarar ruwan bana ya janye motocin dutse za su iso. Ga ku nan ku biyu, a inuwa ɗaya, abin da ba kullum ake samu ba. 'Ya'yana suna zaune, suna bukatar su san inda za su kai fartanya ranar da na cika. In na mutu, za ku bar gawata ta tsallaka ta kwanta kusa da ubanta, ko ba za ku bari ba? Ku yi shawara, kujerunku a haɗe suke. Ɗaya daga cikinku ya miƙe ya faɗa a gaban jama'a. Ni ina nan tsaye.