Buhun Taki da Lesin ɗin Maijidda

A kasuwar Kunci na ji wani dattijo yana yi wa saurayi mai sayar da taki faɗa.

"Kai yaro, takin nan da yashi a ciki."

"Baba, yuriya ce zalla. Ga ta ta narke a ruwa. Taɓa kofin, ai ya yi sanyi. Yashi ba ya haka."

"Ina ka koyo wannan?"

"A jami'a. Shekara huɗu ina karatun kemistiri."

"Shi 'yata Maijidda za ta zana a jarrabawa. Don in biya mata lesin nake sayen kwano biyar maimakon buhu. Ashe nan ake ƙarewa?"

"Kowa da rabonsa, Baba."

"Ɗauko min buhun."

"Ba haka nake nufi ba. Ka bar ta ta gwada."

"Na ce ɗauko buhun."