Akuyar Jarrabawar Rahila

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yawancinku kun san ni, Maman Rahila mai ɗinki a Bodinga. Shaidata a kan akuya ce. Wanda zai yi dariya ya yi tun yanzu, don mu samu mu ci gaba.

Ɗiyata Rahila ta yi sakandare a wata makarantar kwana ta wajen Shagari, irin wadda ke shirya yara don jami'a. Idan yaro ya kai aji huɗu, sai a raba su, wasu kimiyya, wasu adabi, wasu kasuwanci. Rahila ta shiga kimiyya, don tun tana ƙarama aikin asibiti take so. Sharuɗɗan fita kuwa a rubuce suke, ba a sassauta wa kowa. Dole ka ci Turanci da lissafi da darussan ɓangarenka a jarrabawar share fage. Sannan kowane ɗalibi sai ya ɗauki darasin sana'a guda, ya yi aikinsa da hannu malamai su gani. Wanda ya faɗi wannan, ko ya fi kowa ƙwaƙwalwa, makarantar ba ta sa sunansa a jarrabawar ƙarshe. Sai ya maimaita aji shida.

Akwai ɗinki a cikin sana'o'in. Na ce mata ta ɗauka, ga keke a ɗaki, ga uwa. Ta ce a'a, wai zan sa mata baki. Ta zaɓi kiwon dabbobi. Mu kuwa a gidan haya aka haife mu cikin birni, ko kaza ba mu taɓa riƙewa ba.

A aji shida aka ba kowane ɗan kiwo 'yar akuya da lamba a kunne. Shi zai kula da ita har ranar da malamai za su duba, ko hutu aka yi da ita zai tafi gida. Haka Rahila ta sauko daga mota hutun Kirsimeti, jaka a kai, igiya a hannu.

Akuyar ja ce, mai tsinin baki, ba ta da kunya ko kaɗan. Rahila tana ba ta harawa da dusa bisa awo, kamar mai ba mara lafiya magani. Ni kuma sai na ga abin da tausayi, kullum busasshen abinci. Wata safiya Rahila ta tafi koyon waƙa a majami'a, ni kuma na kama hanyar Dingyadi don kai wa wata mata ɗinkinta. A gefen fadama na ga gonar dawa da aka girbe, kututturen sun sake tofo ganye kore shar. Na cika zanena. Na zo na zuba wa akuya, ta ci har tana ture ni.

Kafin azahar ta soma haki. Cikinta ya kumbura, ƙafafunta suna rawa, kumfa na fita bakinta. Rahila ta dawo ta same ta kwance.

Na leƙa na kira maƙwabcinmu Malam Umaru, manomi ne, yana da awaki. Ya duba ragowar ganyen, ya dube ni.

"Maman Rahila, mi kinka ba ta?"

Na nuna masa.

"Gyauron dawa na wanga. Ko saniya ta ci shi da yawa, kashe ta shikai. Wa ya ce ki ɗebo?"

Na ce ba kowa. Ya aika gidansa aka kawo man gyaɗa, ya ɗura mata, muka jira. Ba ta tashi ba. Sai ya ce, "Ba ta kai la'asar. Ku bari in yanka tun ba ta zama mushe ba."

Na ce ba za a yanka ba. Na ce, "Malam, wannan ba nama ba ce, jarrabawar ɗiyata ce." Ya ce to, ya koma bakin ƙofa ya zauna da wuƙarsa, bai yi gardama ba.

Na shiga ɗaki na durƙusa gefen keken ɗinki. Tsoro nake ji, da kunya. Yarinya ta yi shekara shida ba ta faɗi ko darasi ɗaya ba, ni kuma na rushe mata da hannuna. Na roƙi Ubangiji ya tashi akuyar nan, na maimaita har bakina ya bushe. Can sai na ji na daina. Na ce, "Ya Yesu, ban san yadda za ka yi ba. Yarinyar taka ce, karatun ma naka ne." Ban ji murya ba, ban ga wahayi ba. Zuciyata dai ta kwanta, na tashi na fito.

Na sami Rahila tsugune, kan akuyar a cinyarta. Ba ta kuka. Ta ce, "Mama, wahala take sha. A yanka. Amma ina so in ga cikin."

Malam Umaru ya yanka, ya feɗe. Rahila ta sa ya buɗe tumbin, ta ɗauki hotonsa da wayata, ta ɗauki na ganyen, ta yi ta yi masa tambayoyi har ya ce shi fa ba likita ba ne. Ta cire lambar kunnen ta wanke. Naman muka binne, don ba wanda ya yarda da shi. Kirsimetin nan shiru muka yi shi.

Ranar komawa na bi ta har Shagari. Malaminsu na kiwo, Malam Sani, ya ji bayani, ya juya lambar a hannunsa. Ya ce, "Doka ta ce a kawo dabba, ba lamba ba. Ba ni da ikon sauya ta ni kaɗai." Ya shiga ofishin shugaban makaranta, ya bar mu a kan benci. Ya daɗe.

Da ya fito, sai ya sa aka tara 'yan ajin a garken makaranta. Ya ce Rahila ta tsaya ta yi bayanin abin da ya kashe akuyarta, shi da malamai biyu za su yi mata tambayoyi. Ya ce in tsaya ni ma. Da ta zo kan wanda ya ɗebo gyauron, yaran nan, 'ya'yan manoman Kajiji da kewaye, suka fashe da dariya. Na tsaya suna mini dariya, ai na cancanta.

Rahila ta faɗi irin gubar da ke cikin ɗanyen tofon dawa, da yadda take hana jiki amfani da iskar da jini ya ɗauko, da alamomin da ta gani bi da bi, da abin da ya kamata a yi da wuri. Ta nuna hotunan. Malaman suka yi ta juya ta da tambayoyi, ba ta kakare ba. A ƙarshe Malam Sani ya ce sun karɓa, bisa sharaɗi: duk dabbar da ta yi ciwo a garken makaranta, Rahila ce mai jinya har ta gama makaranta. Zango biyu tana yi, ga karatu, ga warin garke. Ba ta taɓa cewa Mama ke kika ja mini ba.

An sa sunanta, ta zauna jarrabawa, ta ci. Ranar yaye su na ga an kira ta an miƙa mata takardarta, na zauna a kujerar baya na yi kukan da ban yi ba ranar da akuyar ta mutu.

Na gode wa Ubangiji Yesu. Abin da na roƙa gefen keken ɗinkin nan bai ba ni ba, akuya ta mutu, amma ɗiyata ba ta rasa shekararta ba. Idan akwai wanda ya ɓata abu da hannunsa yana ganin ba gyara, ya kai masa haka nan yadda yake, ya dogara gare shi. Amin.