Kayan Rumfar Tashar Dutse Ba na Sikeli Ba Ne

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyar 'yan acaba ta Tashar Dutse, Dattijo Mafabi. Wakilin hukumar gari, Mista Gidudu, wanda ya tako wannan taɓo da takalminsa mai kyau don ya saurare mu. Fasto da Liman, da kuka zauna a kan benci ɗaya. Iyayenmu manoman kofi da kuka sauko daga kan dutsen Masaba. Kanikawa masu baƙin hannu. Mahaya babur, tsofaffinku da matasanku. Da sauran jama'ar gari, maza da mata, ina gaishe ku gaba ɗaya, ina yi muku barka da wuni.

Ina gode wa shugaba da ya ba mai sayar da shayi dama ta yi magana a taron maza. Ina gode wa waɗanda suka riga ni magana, har da waɗanda maganarsu ta ɓata mini rai. Wanda bai san ni ba, sunana Mutonyi, matar marigayi Wanzala. Rumfar kayan gyaran da kuke gardama a kanta tun safe, bangonta ɗaya da madafata, kuma mabuɗinta a ƙuguna yake kwana.

Kowa ya ga jan fentin da aka shafa a bangon. Za a faɗaɗa hanya, ranar Juma'a katafila za ta zo. Mista Gidudu, ka kai saƙona inda aka aiko ka: ba mu faɗa da hanya. Mu da muke binne mutanen da ramin hanya ya kashe, mu za mu ƙi kwalta? A rushe rumfa, kwano ne da itace. Abin da ya tayar da ni shi ne wancan mutumin da ya faka motarsa a gindin mangwaro, ya rataye sikelinsa, yana jira ku ɗaga hannu ya kwashe abin da ke ciki zuwa inda ake narka ƙarfe. A kan wannan nake da magana uku.

Ta farko, me ke cikin rumfar nan? Jiya ɗan gwangwan ɗin nan mai sikeli ya leƙa ta taga, ya ce da ni, "Mama, ai wannan bola ce. Ku gode Allah ma da na zo da mota, wani sai kun biya shi zai kwashe."

Na ce, "Ɗana, wannan ƙunshin da kake nunawa da baki, ka san ko mene ne?"

Ya ce, "Ƙarfe ƙarfe ne, Mama. Sikeli ba ya tambayar suna."

To, ni ina tambaya. Tun kafin a haifi rabin ku, tashar nan take da al'adarta: babur ɗin da ya mutu ba a sayar da gawarsa. Ko tsufa ya kashe shi, ko ya faɗa kwazazzabo da mai shi, iyalin sukan turo shi nan, a kwance shi gunduwa-gunduwa, a adana don masu rai. Da aka sauko mini da gawar Wanzala, bayan kwana kaɗan aka sauko da babur ɗinsa a kan kafaɗa. Masu saye sun zo, ni kuma ina da marayu a gabana, amma na tura shi rumfa, don haka na ga an yi kafin ni. Yau kaburetarsa tana jikin babur ɗin shugaba, ƙafar bayansa ita ke kai ungozoma ƙauyukan sama. In na ji ƙararsu sun wuce, raina yakan yi sanyi. Irina muna da yawa a garin nan. Ba mu ba ku kayan nan don ku mallaka ba, amana muka ba ku, kuma ban taɓa jin inda aka ɗora amana a sikeli ba.

Ta biyu, an ce kayan sun tsufa, ko an bar su tsatsa ce za ta cinye. Wanda ya faɗi haka bai taɓa shiga rumfar ba, iyakarsa bakin ƙofa, ya miƙo hannu a ba shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙasar nan ruwa ba ya hutawa, ƙusa ma in ka yar a ƙasa, kafin mako ta yi ja. Amma ku zo ku kwance kowane ƙunshi ku gani. Abin da yake ƙarfe, da kananzir muke wanke shi, mu shafe shi da giris, mu naɗe shi a busasshen ɓawon ayaba, mu rataye a sama inda hayaƙin murhuna yake ratsawa, tare da malewa, tsiron gorar da muke ƙyafewa don miya. Hayaƙin da ke hana malewa ruɓewa, shi ke hana danshi kusantar fistin. Kaca tana kwance cikin jarkar baƙin mai. Abin da yake roba kuwa, shi ba ya son zafi, ba ya son haske, a cikin tulu yake, a rufe, a ƙasa. Taya ba ta taɓa hawa ƙusa ba a hannuna, don ƙusa tana lanƙwasa ta.

Mun koyi wannan ne da asara. Ga Wamboga can yana sunkuyar da kai, shi ne ya taɓa naɗe sabon boris a ɗanyen ganyen ayaba, kamar wanda zai dafa matoke, tuwonmu na ɗanyar ayaba. Da ya kwance bayan damina, sai ga shi ja wur. Ya zo mini da shi a tafin hannu yana cewa, "Yaya Mutonyi, maƙiya sun yi mini aiki."

Na ce, "Ƙanena, maƙiyinka ganye ne. Ɗanye gumi yake yi."

Kun yi dariya, amma tun daga ranar babu wanda ya sake wannan kuskure. Shekaru muka yi muna tara irin wannan sani, ba zan zuba ido a narka shi da rana tsaka ba.

Ta uku, Kuloba, ɗana ko da ba ni na haife shi ba, ya miƙe ɗazu ya ce zamanin tsohon babur ya wuce, kamfani ma ya daina ƙera shi, mu daina rungumar mushe. Kuloba, a bayana ka yi barci kana jariri, saboda haka zan ba ka amsa a hankali. Gaskiyarka, an daina ƙera shi. Ka je Mbale, ka wuce har Kampala, ka nemi kulocinsa, za su dube ka kamar ka tambayi ƙahon kare. To, wannan ne dalilin sayarwa, ko dalilin riƙewa? Abin da babu shi a kasuwa, kuma akwai shi a ɗakinka, shi za ka fara zubarwa? Sabon babur ɗinka yana da kyau, Allah Ya sa ka more shi. Amma ka faɗa wa jama'a tsakaninka da Allah, in an yi ruwa, kana haye gadar kan dutse ɗauke da buhun kofi uku? Ba ka hayewa. A bakin gada kake tsayawa kana goge madubi, tsofaffin nan masu tari da hayaƙi su suke hawa. Su ke sauko da kofi, su ke sauko da mai naƙuda, su ke hawa da gishiri da magani. Ranar da rumfar nan ta tafi, kowane ɗayansu kwanansa ya zama ƙidayayye: abu ɗaya ya karye, shi ke nan, an jingine shi a bango, mai shi ya koma ɗaukar kaya a ka. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Na san abin da za ku ce, don tun safe shi kuke maimaitawa: to ina za a kai kayan, ga Juma'a ta ƙarato, ƙungiya ba ta da fili? Shugaba, ka yi mini afuwa, a nan zan faɗi abin da ban sanar da kai ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da kuka shiga wannan zaure da hantsi kuna musu, mu ba mu zauna ba. Ku waiwaya baya ku dubi matanku da iyayenku mata, ku dubi gammon da ke hannunsu da baƙin man da ke zannuwansu. A kwandunan matoke muka kwashe kayan, ta bayan kasuwa, ta gaban motar ɗan gwangwan, har yana yi mana sannu da aiki. Kowace mace a garin nan tana da murhu, kowane murhu yana da hayaƙi. Kaburetoci suna gidan shugaba, matarsa ta karɓa da hannu biyu. Kayan birki suna gidan ungozoma. Tulunan roba suna ƙarƙashin gadon matar Fasto, jarkokin kaca suna gidan Liman. Kuloba, fistin da ringi suna rataye a madafar mahaifiyarka, ita ta ce a ba ta masu nauyi. Kowane iri gida ɗaya, don mai nema ya san ƙofar da zai yi sallama. Abin da ya rage a rumfa a yanzu, ɓera ne da gizo-gizo.

In wannan laifi ne, nawa ne, ni na buɗe ƙofa, kada a tuhumi kowa. Ku tsige ni, ku ci ni tara, na yarda. Ga mabuɗi, shugaba, na ajiye a gabanka, ba shi da sauran aiki. Ban hana ku jefa ƙuri'a ba, ku maza ne, ƙungiya taku ce. Amma duk wanda ya ɗaga hannu a sayar, ba ni zai tunkara ba. Ya koma gida, ya shiga madafa, ya tsaya a gaban matar da ke dafa masa abinci, ko uwar da ta haife shi, ya ce ta sauko masa da amanar matattu zai kai sikeli. In bakinsa ya iya furtawa, in ita kuma ta miƙa masa, to ya ɗauka.

Shugaba, na ga ka kira masu son a sayar su ɗaga hannu. Ina jira. Kuloba, hannunka ƙaiƙayi yake yi, ko ɗagawa za ka yi? To, ya mayar aljihu. Wani ya taimaka ya gaya wa mutumin gindin mangwaro ya sauke sikelinsa tun da sauran rana, hanyar Mbale ba ta da kyau in duhu ya yi.

Allah Ya tsare mahayanmu a hawa da gangara. Allah Ya jiƙan waɗanda dutse ya karɓe mana, Ya raya marayunsu. Allah Ya sa hanyar da za a gina ta zama alheri ga kowa, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya sa wuta kada ta mutu a murhun kowace mace da ke nan. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.