Ramin Shuka Babu Iri

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Hannatu, daga wani ƙauye nake kusa da Kunci. Kun san bakina ba ya ajiye magana, amma wannan na daɗe ina riƙe da ita.

A shekarun farin nan, lokacin da ruwa ke ɗaukewa tun gero bai fid da kai ba, maigidana ya rasu. Ya bar ni da yara da gayaunarsa, wata 'yar gona mai ɗorawa a tsakiya. Ko zaman makoki ba a watse ba, wansa Yaya Tanko ya je gaban mai unguwa ya ce gonar ta gandu ce, aro aka ba ƙanensa. Ba ni da mai tsaya mini, aka ba shi.

'Yan'uwa, na yi kewar gonar nan kamar mutum! A gindin ɗorawar nake sauke wa maigidana fura, ya sha yana tsokanata wai na yi rowar nono. Na daina bin hanyar gaba ɗaya. Majami'armu ɗaya da Yaya Tanko, kuma in aka zo wurin gafara a Addu'ar Ubangiji sai in tsuke bakina, in bar jama'a su wuce, in tarye su a gaba. Roƙona kullum Allah ya nuna mini ƙarshensa.

Abin da na tsira da shi damin iri ne, wanda maigidana ya zaɓa zangarniya-zangarniya da hannunsa. Muka ci tafasa, muka ci dusa, ban taɓa shi ba.

Da ruwan shuka ya sauka na sussuke irin, na nufi gonar da wani dattijo ya ara mini. Ruwa ya cinye hanya, dole na ratsa ta gefen gayaunar. Sai ga Yaya Tanko yana sara da sungumi, matarsa Ladi na biye da ƙwarya, tana tsoma hannu, tana take rami da diddige. Ni da na tashi cikin shuka, kallo ɗaya na gane hannunta ba ya sakin komai. Ashe sun cinye irinsu. Kunya ce ta fito da su, kada gari ya ce gidan Tanko ba a yi shuka ba.

Ga abin da na roƙa a gabana, amma ko kaɗan ban ji sanyi ba. Na durƙusa bayan gamba ina kuka, na ce, "Ya Yesu, wannan irin kaɗai ya rage mini na mijina. Wanda ya ƙwace mini gona zan ba?" Ban ji wata murya ba. Koyarwar da na sha toshe wa kunne ce ta dawo mini, cewa ramuwa ta Ubangiji ce, ni nawa in ciyar da maƙiyina. Na kuma tuna 'ya'yan Ladi, su ba su je gaban mai unguwa ba.

Na tashi na juye rabin irin a ƙwaryarta. Yaya Tanko bai ɗago kai ba.

Ya ce, "Ashe kin gani."

Na ce, "Na gani, Yaya. A koma layin farko, a sake shuka."

Gonar ba ta dawo ba, kuma bai nemi gafarata ba har ya rasu. Har yau in ɗorawa ta yi fure zuciyata na can. Amma dutsen da ke ƙirjina a gonar nan ya sauka, na koma barci kamar kowa. Haleluya!

Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau, shi ma sai da na nemi izinin Ladi. Ga ta can a bencin baya, ita ta riƙe mini hannu muka shigo, don idona ya yi rauni.

Na gode wa Ubangiji da ya kwance ni. Wanda aka cuta a cikinku, kada ya ce ba zafi, akwai zafi. Ya kai ƙararsa gaban Yesu, ya bar ta can, ya dogara gare shi. Amin.