Audugar Kunnen Mai Keken Tsere

A tashar Jega, tsoho Safiyanu ya hangi auduga a kunnen wani saurayi mai keken tsere.

"Samari, faɗuwa ka yi?"

"A'a, Baba. Mai horar da mu ne ya huda min kunne ya ɗebi jinina don gwaji ina bisa keke. Wai jinin ya nuna gudun da nake yi yana tara min gajiya. In ban rage ba, ba ni a tseren jiha. Ga abokai na min dariya."

"Ni da buhun albasa bisa keke nika tasowa daga Aliero, ba a taɓa huda ni ba, ba a taɓa wuce ni ba!"

"Ina keken yanzu?"

Tsoho ya dafa ƙirjinsa.

"Tun da ciwon wanga ya kada ni hanyar Maiyama, keken yana rataye a zaure. Su yi dariyarsu, ɗana. Rage gudun."