Wa Ya Duba Kayan Rayyis Dahi?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam liman, Shehu Abdulhafiz. Shugaban ƙungiyarmu ta masu nutso a nan Ƙusair. Dattawan unguwa da masu jirage. Babarmu Ummu Wa'il, matar marigayi, da ke jin mu daga cikin gida. 'Ya'yansa, Wa'il da Shaima. Dangi da suka taso tun daga Ƙina. Ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Sunana Sabri. Shekara goma sha tara ina shiga teku a bayan shugaban jirginmu, Rayyis Dahi Abul-Wafa, kuma ni ne abokin nutsonsa ranar ƙarshe. Shi ya sa aka ce in yi magana yau da ya cika kwana arba'in. Ku yi haƙuri in maganar ta zo a hargitse, kaina ma haka yake. Ranar jana'iza Ummu Wa'il ta yi mini tambaya guda ta bayan ƙofa: "Sabri, wa ya duba masa kayansa ran nan?" Na juya na tafi. Tun ranar nake zagaye layin nan don kada in bi ta ƙofar gidan. Yau dole in amsa.

Ya kasance malaminmu. Duk wanda ke cin abinci da nutso a garin nan, ko Rayyis ya koya masa, ko wanda Rayyis ya koya wa ne ya koya masa. Ya kasance shi ake bugun ƙofarsa in teku ya ci masunci, ya shiga ya fito wa uwa da gawar ɗanta, ko shayin gidan ba ya tsayawa sha. Ya kasance mai faɗa, wannan kam Wa'il shaida ne. In ka taka murjanin ƙarƙashin teku, sai ka gwammace marin ubanka.

Ya kasance ba a shiga ruwa daga jirginsa sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ya murɗa kan tukunyar iskarka, ya ja ɗamararka, ya ɗauki mesarka ta ajiya, mai ruwan ɗorawar nan da muke ratayawa don ranar wahala, ya sa a baki ya ja numfashi uku. Wata rana na ce, "Rayyis, na fa duba." Ya ce, "Kai ka duba? Kai da ka taɓa faɗawa ruwa da tabaraun nutso a goshi? Juyo nan, ɗan kifi." Muka yi ta dariya, ya duba, sai ga kan tukunyata a rufe.

Abin da ya koya mana a kan lalacewar kaya bai da yawa. In iska ta yanke maka, kada ka ruga sama, huhunka zai fashe. Nemi abokinka. In kai ne abokin, riƙe shi gam, kalle shi cikin ido, ba shi abin shaƙar da ke bakinka, don ka tabbata yana aiki, kai ka koma na ajiya. Ku hau a hankali.

Ranar Talatar da abin ya faru haka ya yi, ban ga kuskure ko ɗaya ba. Muna zurfin mita goma sha takwas tare da baƙi huɗu 'yan yawon buɗe ido, hantsi, ruwa garau. Mesar wata baƙuwa, likitar haƙori daga Iskandariyya, ta fashe. Kumfa ya rufe ta, ta fara harbin ruwa za ta yi sama. Kafin in juya Rayyis ya riƙe ta, ya cire na bakinsa ya sa mata, shi ya jawo na ajiyarsa. Ta natsu. Daga nan ne na daina fahimta. Ya yafito ni, ya sa ta a mesata ta ajiya, ya nuna mini in hau da ita da sauran baƙin. Rayyis bai taɓa miƙa baƙon da ya riƙe ga wani ba. Me ya sa ya miƙa? Na tambaye shi da hannu ko lafiya, ya nuna lafiya lau. Na leƙa ƙasa sau ɗaya, yana biye da mu. Na sake leƙawa, babu shi.

Da muka koma ƙasa, mun same shi kwance a kan yashin ƙasan teku, iskar tukunyarsa ta fi rabi. Na ajiyar yana hannunsa. Nasa na kullum, mai lafiya, yana lilo a gefen kafaɗarsa. Me ya hana shi mayar da shi baki? Likita ya ce zuciya ce. Girgis mai gyaran kayanmu ya buɗe na ajiyar ya sami yashi a ciki. Na ce, "Girgis, don Allah faɗa mini, wannan zai kashe mutum?" Ya ce, "Yana ba da iska, amma da tauri. Ni da kai ba zai yi mana komai ba. Dattijo mai shekara sittin da ɗaya kuwa, Sabri, ban sani ba." Ni ma ban sani ba. Ko zuciyar ce ta fara, ko yashin ne ya gajiyar da ita, na juya abin har na gaji.

Ummu Wa'il, ga amsarki. Ba wanda ya duba. Aikina ne, ban yi ba. Kuma ba ranar kaɗai ba, shekara goma sha tara ban taɓa yi ba, duk mazan da ke zaune a nan ba wanda ya taɓa yi. Kunya muke ji. Yaya za ka ja ɗamarar wanda ya koya maka ɗaura ta? Mu a ganinmu girmamawa ce.

Shekaranjiya Shaima ta aiko mini da hoton da wani baƙo ya ɗauka a jirgi. Rayyis ya gama duba mu, muna ta sa takalman ruwa muna surutu. Shi yana tsaye a ƙarshen layi, kaya a baya, ya ɗan ware hannuwa, daidai yadda yake sa mu tsaya in zai duba mu. Kullum yana wannan tsayuwar. Na sha ganinta, na ɗauka miƙa yake yi. Yanzu ban sani ba. In jira yake, don me bai yi magana ba, shi da ba ya ɓoye faɗa? In kuma ba jira yake ba, me ya sa na kasa kallon hoton sau biyu?

Wa'il, Shaima, ban zo neman ku ce ba komai ba. Babarmu, in kin yafe, Allah Ya saka miki. In ba ki iya ba tukuna, ba ki yi mini laifi ba. Dattawan jirage, daga gobe za mu taɓa kayanku, ko da za ku zage mu.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo. Allah Ya mai da kowa gida lafiya, Ya ba iyalansa haƙuri. Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Dahi, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ran da ya ceta ran nan a ma'auninsa. Mu mun bar shi tsaye. Ya Allah, ranar tsayuwa a gabanKa, kada Ka bar shi yana jira.

Amin. Mu karanta masa Fatiha.