Ranar da Jirginmu Ya Sauka a Titin da Ake Gyara

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Fasto, dattawa, 'yan'uwana na zumuntar mata, salama a gare ku. Halleluya!

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Saratu, matar marigayi Malam Ayuba. Ni ce mai ƙuli-ƙulin nan ta kasuwar Tsanyawa.

Tun ranar da motar kasuwa ta kife da maigidana a hanyar Kano ya rasu, tsoro ya ɗaure ni tamau. Ban ƙara sa ƙafata a mota ba. Kasuwa ma a ƙasa nake zuwa, tasa a ka. In aka ce zumuntar mata za ta taro a Rimin Gado, sai in ce bayana ke ciwo. Ɗana Bitrus ya yi aure a Kudu inda yake aiki, ban je ba. Ina nan ina rera waƙa tare da ku kowace Lahadi, amma ƙarar hon kaɗai takan firgita ni.

A damunar da ta wuce Bitrus ya kira ni a waya. Ya ce matarsa Rifkatu ta haihu, amma sai da aka yi mata tiyata, ga shi mahaifiyarta ta riga mu gidan gaskiya.

"Inna, ba mu da kowa sai ke," in ji shi. "Na yankar miki tikitin jirgi, don kada ki sha doguwar hanya."

Na ce, "Bitrus, ni da mota ta gagare ni, sama za ka kai ni?"

Can bayansa na jiyo kukan jariri. Kukan nan ne ya tashe ni. Na shiga bas zuwa Kano idona a rufe, na cusa bakin zane a baki, har muka isa.

A cikin jirgi Allah ya haɗa ni da wata Hajiya Binta, 'yar kasuwa, wadda ta saba hawa. Ita ta ɗaura mini bel, ta ba ni alewa. Ta ce, "Baiwar Allah, saki jikinki. Kafin ki gama tsotsar wannan mun yi nisa."

Da muka kusa sauka, sai hadari ya rufe gari. Ruwa yana dukan taga, ba a ganin komai sai fari. Jirgin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, sai na ji taya ta taɓa kwalta. Wasu har sun fara tafi.

Tafin bai ƙare ba aka taka wani irin birki! Goshina ya bugi kujerar gaba. Jakunkuna suka zubo. Na leƙa taga, sai ga ganguna masu ja da fari suna tashi sama, ga tarin tsakuwa, ga wani mutum ya yar da shebur yana gudun ceton rai. Wani abu ya fashe a ƙarƙashinmu kamar bindiga. Jirgin ya karkace, yana ja, yana ja, ya ƙi tsayawa.

Ihu ko'ina! Hajiya ta damƙe hannuna tana salati, ni kuma ina kiran Yesu. A nan na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba. Na ce, "Ubangiji, na gaji da tsaron raina da kaina. Ga shi nan, naka ne. In yau ce ranata, karɓe ni. In ba yau ba ce, kada ka bar ni in koma yadda nake."

'Yan'uwa, ku saurara da kyau. Jirgin bai tsaya ba tukuna, amma zuciyata ta tsaya, ta natsu. Wani sanyi ya sauko mini tun daga ka har tafin ƙafa. Nauyin da na daɗe ina ɗauke da shi a ƙirji, na neme shi na rasa. Har ni ce nake ce wa Hajiya, "Kada ki ji tsoro."

Sannan jirgin ya tsaya. Da aka sauko da mu cikin ruwan nan, muka ga wata ƙatuwar katafila a gaban hancinsa. Tsakaninsu bai fi daga nan inda nake tsaye zuwa ƙofar majami'a ba. Yabo ga Ubangiji!

Muna fake a gefe, matuƙin jirgin ya zo ya tsaya a gabanmu, ya cire hula. Ya yi magana da Turanci, Hajiya tana fassara mini. Ashe titin sauka biyu ne a jere, ɗaya a buɗe, ɗaya an rufe shi ana gyara. Ruwa ya kare masa gani, ya ɗauki wannan a matsayin wancan. Ya ce kuskurensa ne, bai ɗora wa kowa ba. Wani ma'aikacin gyaran kuma ya ce ruwan ne ya kori yawancinsu zuwa rumfa, ba don haka ba da suna tsakiyar titin da motocinsu.

Mutane suka taso masa da zagi, wani har yana neman cin kwalarsa. Ni dai na dube shi, yaro ne sa'an Bitrus. Na matsa na ce, "Ɗana, sannu. Allah ya tsare mu, har da kai." Ban zaci zai ji ba. Sai ya amsa da Hausa, "Mama, ku yafe mini." Hawaye suka zubo masa. Ba wanda ya rasa ransa a ranar, ba wanda ya karye.

Da Bitrus ya gan ni, ya rungume ni yana kuka kamar ƙaramin yaro. Na ce, "Kai, share hawayenka, kai ni in ga jikata." Na zauna da su har Rifkatu ta miƙe ta koma girkinta. Da lokacin dawowa ya yi, Bitrus yana ta inda-inda, bai san yadda zai tambaye ni ba. Na ce, "Yanko tikitin." A jirgi na dawo, kusa da taga, idona a buɗe. A bas ɗin Tsanyawa kuwa har barci na yi, sai da kwandasta ya tashe ni.

Na gode wa Ubangiji da ya tsayar da jirgin nan, na kuma gode masa da ya kwance ni tun kafin ya tsayar da shi. Ina roƙonku ku sa matuƙin nan a addu'a. Ban san sunansa ba, ban san abin da aka yanke masa a wurin aiki ba, amma Allah ya san shi.

Kai kuma da kake zaune a nan, wani abu ya ɗaure ka, kana murmushi don kada a gane, na san halin da kake ciki. Kada ka jira sai ka ga katafila a gabanka. Miƙa wa Yesu tun yau, hannunsa ba ya kuskure.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin!